Sau Huɗu a Bakin Ƙofata

Rifkatu, ke ce babba, da ke zan fara, tunda kowa ya san ban taɓa jin nauyin kiran sunanki ba. Ke da ƙannenki kun dame ni in rubuta muku labarin shekarar baƙi, saboda kun saba ji a coci ana cewa uwarku ta ciyar da gari guda da ludayi ɗaya. Duk lokacin da aka faɗi haka sai in ga kuna gyara zama kuna hura hanci, kamar ku kuka tuƙa tuwon. To, ga shi na zauna zan rubuta, amma ba wanda kuke so ba ne. Ido ya yi rauni, ba ni da sauran lokacin da zan ɓata wajen yabon kaina. Kun kuma daɗe kuna yi mini dariya cewa ba na fita daga ɗaki da safe sai na tsaya na duba ƙasa, har jikokina suna kwaikwayona suna cewa Kaka tana neman kunama. Ku yi ta dariyarku, amma ku karanta wannan har ƙarshe.

Sai na fara da uwata, in ba haka ba ba za ku gane irin wautar da na tafka ba. A wani ƙauye kusa da Gangara aka haife ni. Ni ce 'yar fari, kuma tun da na yi wayo har Inna ta bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi maganata sai ta ce waccan. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, gida ɗaya muke, amma in mun haɗu a bakin rijiya sai Inna ta kau da kai. Ƙannena ta goya su, ta yi musu wasa, ta tsefe musu kai a gaban kowa. Ni kuwa ko ƙaya ce ta soke ni, wajen Kaka nake kai kukana. Kowa ya ce mini kunya ce, haka ake yi wa ɗan fari, wai ma ta Fulanin da ke kawo mana nono ta fi tamu tsanani. Ni dai zuciyata ba ta karɓa ba, na riƙe abin a rai. Da na girma na shiga lakol, wato makarantar boko, na zama Kirista, na auri babanku muka dawo nan yamma wajen Gidan Rumji, sai na yi wa kaina alkawari cewa wannan al'ada a kaina za ta ƙare. Shi ya sa, Rifkatu, nake ƙwala miki kira tun daga bakin kasuwa har kina jin haushi. Na yi shekara arba'in ina alfahari da cewa na manta da al'adar, kuma da gaske na manta.

A shekarar da nake magana babanku ya riga ya rasu, ku duka kuna Maradi da Yamai, ni kaɗai ce a gidan nan da ke jingine da katangar coci. Kun san cocinmu, ko ranar Kirsimeti ba ma cika benci shida. A ƙarshen bazara, ana jiran ruwan shuka, 'yan bindiga suka watsa ƙauyukan ƙetaren iyaka, mutane suka fara shigo mana a ƙafa da rana tsaka, mata da yara da tsofaffi, maza kaɗan. Wasu da tabarma, wasu da tukunya ɗaya. Na ga wata da idona ta ɗauko turmi a ka ta bar zannuwanta, aka tambaye ta dalili ta kasa faɗa. Hausawa ne irinmu, Musulmi, da yawansu kakanninsu ɗaya da na mutanen garin nan. Maigari ya raba su gida gida har gidaje suka cika, harabar masallaci ta cika, lakol ya cika. Da wuri ya ƙare sai fastonmu ya je ya ce wa maigari filin coci yana nan, da rumfar da muke taron mata, da rumbun hatsin da muke tarawa na baiko bayan girbi. Maigari ya duba liman, liman ya ce yunwa ba ta san wannan ba, a kai su.

Ba na so ku zargi faston nan. Yaro ne a lokacin, mai zuciya, shi ya fara ba da tabarmarsa. Amma bai manta da shekarar da aka ƙona majami'u a ƙasar nan ba, mu ma ba mu manta ba. Ranar da baƙin suka shigo filin ya tara mu a cikin coci ya rufe ƙofa ya ce:

“Hatsi mu ba su, ruwa mu ba su, inuwa mu ba su. Wa'azi kada wanda ya yi musu. Kuma ku ji ni da kyau, kada wani shi ɗauki ɗan wani shi kai ɗakinai, ko da maraya ne. Gobe a ce Kirista na satar ɗiyan mutane suna juya su. In anka faɗi haka sau ɗaya, mu da su duka mun rasa wurin ga.”

Duk muka ce gaskiya ne, ni ma na ce gaskiya ne, da ƙarfi ma, don ni ce shugabar mata. A hannuna aka sa girki. Tukwane uku manya muke ɗorawa, kunu da safe, tuwo da yamma, in an samu tafasa ko zogale mu haɗa. Ni ke riƙe ludayi. Kowace uwa ta zo da ƙwaryarta, in tambaye ta yara nawa gare ta, in zuba daidai. Ba wanda ya isa ya taɓa ludayin nan, don na yi imani in na sake shi minti ɗaya rumbu zai ƙare kafin girbi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin matsayin nan. Na ji daɗin yadda ake ce mini Mama daga kowane gefe, da yadda matan liman suka fara tsayawa suna gaishe ni da kyau a bakin rijiya.

Bayan kamar kwana goma sai wasu Fulani suka iso, su biyar: wani tsoho mai sanda wanda idonsa ya fara dushewa, da matar ɗansa mai suna Dije, da yara ƙanana biyu, ɗaya a goye ɗaya a hannu, da wata yarinya 'yar shekara shida ko bakwai tana biye da su a baya. Su ma an afka wa rugarsu, an kore shanun, an kashe mijin Dije. Amma suna shigowa filin sai mata suka fara janye tabarminsu. A wurin mutanen nan duk Bafulatani ɗan bindiga ne ko ɗan'uwansa, kuma ba zan ce ban gane zafinsu ba, don a cikinsu akwai wadda aka yanka mata miji a gabanta. Ba wanda ya kore su, ba wanda kuma ya gaishe su. Suka je can bayan rumbu, ƙarshen fili, suka shimfiɗa buzun tsohon suka zauna. Da Dije ta zo layi na tambaye ta yadda nake tambayar kowa, ta ce yara biyu gare ta. Na zuba na biyu, na ƙara na babbar yarinyar don na gan ta, na ce a raina marainiya ce suka tsinto a hanya. Haka abin ya yi ta tafiya. Yarinyar ba ta zama kusa da Dije, Dije ba ta duban inda take, ko kiranta ban taɓa jin ta yi ba. Ƙananan ne kawai ke ce mata Adda, wato yaya da Fillanci.

Da ruwa ya sauka sai gudawa ta shigo filin. Yara da yawa suka kwanta, muka yi ta dama ruwan gishiri da sukari, yawancinsu suka tashi. Wata safiya na buɗe ƙofar ɗakina zan fita ɗora kunu, saura kaɗan in taka mutum. Yarinyar nan ce kwance a bakin ƙofa a kan zane da aka ninke da kyau, an gyara mata kai a kan wani ɗan tsumma. Idonta biyu, jikinta zafi, ba ta kuka. Na ɗauka cikin zazzaɓi ta taso ta ɓace hanya, ban ma tsaya na tambayi kaina wa ya ninke zanen ba. Na sungume ta, ba ta fi nauyin damin kara ba, na kai ta bayan rumbu. Dije tana zaune ta ba ni baya tana tsinkar ganye, tsohon yana kan buzunsa da carbi, taki uku tsakaninsu. Na ajiye yarinyar na ce su kula da ita, na koma kan tukwanena.

Washegari na buɗe ƙofa na same ta a wurin, kan zanen nan. Na ba ta ruwan gishiri da sukari da rabin ƙwayar zazzaɓi, na mayar da ita, sannan na je wajen fasto. Ya ce in mai ita ya yarda a kai ta likita a Gidan Rumji, coci zai nemi amalanke, amma sai an tambaya a gaban shaidu, kada daga baya a ce mun gudu da ita. Na ga hikima a maganar. Na jira har lokacin rabon tuwo, fili cike da mutane, tsohon yana zaune yana ji, na ɗaga murya yadda kowa zai shaida, na ce wa Dije:

“Yarinyar can da ke kwance, ɗiyarki ce?”

Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki. Hausarta ba ta da yawa, muryarta kuma da ƙyar na ji.

“Ta tsohuwa ce.”

“Wace tsohuwa? Ina take?”

“Ta rage can.”

Na sake tambaya, ta kau da kai. Na juya wajen tsohon, ya ci gaba da jan carbinsa kamar ba da shi ake ba. Sai na ce wa mutane sun ji dai da kunnensu, yarinyar ba ta kowa ba ce a nan. A raina kuwa na gama yanke hukunci: sun gaji da ɗawainiyar 'yar mutane, suna so su jibge wa coci kaya. Fasto ya aika wa maigari a bincika ko akwai danginta a cikin baƙin da ke sauran garuruwa. Muka ce mu jira amsa.

Rana ta uku ma a bakin ƙofata ta wayi gari. Ranar ce majo, ma'aikacin asibiti, ya zo a kan babur daga Gidan Rumji yana auna hannun ƙananan yara, ya ce kowace uwa ta kawo nata. Dije ta shiga layi da ƙanana biyun, ta bar babbar inda ta ajiye ta, ni kuwa na ce a raina ga shaida ta fito. Na ja majo ya zo ya duba ta. Ya ja fatar cikinta ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce ruwan jikinta ya ƙare, abin ya wuce na baki, sai an sa mata ruwa a jijiya, yau ko gobe da safe, kuma sai da babban da zai zauna da ita. Yana da sauran garuruwa a gabansa, ya hau babur ya tafi.

Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku karanta a hankali. Daga garinmu zuwa Gidan Rumji a amalanke ba ya kai rabin yini. Ina da zanen goyo a cikin akwati, wanda na goya ku duka da shi. Ba abin da ya hana ni goya yarinyar nan in hau amalanke in ce duk mai magana ya yi. Na tsaya a bakin ƙofa da ita a hannuna ina tunani, na tuna maganar fasto, na tuna hayaƙin majami'u, na tuna mutanen da ke filin da za a iya kora saboda ni. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma da su na kare kaina shekara da shekaru. Amma akwai wani tunanin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: na ce in na tafi kwana uku, wa zai riƙe ludayi? Na kuma ji haushin Dije, na ce ba za ta mayar da ni wawiya ba, ita ta kawo ta, ita za ta kai ta. Na mayar da yarinyar bayan rumbu na faɗa wa Dije abin da majo ya ce, da ƙarfi, tsohon yana ji. Ba ta ɗago kai ba, ta ce to.

Rana ta huɗu da na buɗe ƙofa, ban da yarinyar akwai wata ƙaramar ƙwarya a gefenta, irin ta nono, mai zane a baki, ta yi santsi don tsufa. Na ce yau kuma ƙarin abinci ake nema. Na cika ƙwaryar da kunu, na saɓa yarinyar a kafaɗa, na kai su duka biyun. Da na sunkuya zan ajiye ta sai na ji ta riƙe bakin mayafina. Ba ƙarfi a hannun, amma ta riƙe. Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina ce mata ta yi haƙuri, ina da aiki. Bayan azahar ta cika.

Mutanen gari suka yi mata sutura yadda addininsu ya ce, matar liman ta yi mata wanka, maza suka kai ta. Da wakilin maigari ya tambayi sunanta don ya sanar, tsohon ya yi shiru, Dije ta yi shiru, aka bar maganar. Ina kallon Dije duk yinin, ko ɗigon hawaye ban gani ba. Da yamma ta zo layi da ƙwaryarta kamar kullum. Ni kuwa na san ina da hannu a ciki kuma ina neman wanda zan ɗora wa. Na zuba mata tuwo na ce:

“To, kin huta. Kin rabu da kayan mutane.”

Ta tsaya riƙe da ƙwaryar har na ɗauka za ta sake ta ta faɗi. Ba ta sake ta ba. Ta juya ta tafi a hankali.

A cikin baƙin akwai wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Hajo, Bagobira mai kaifin baki, ita ke taya mu wanke tukwane. Bayan an watse muna kankare ƙanzo mu biyu, sai ta ajiye abin hannunta ta dube ni ta ce:

“Ke wai ba Bahausa ba ce? Ba mace ta haihe ki ba? Yarinyar ɗiyar Dije ce, ta hwari. Kakar da ta riƙe ta ita anka kashe can ruga. Kin tsai da mace gaban surukinta da gaban gari kina tambayatta ko ɗiyatta ce. Mi kike so ta ce miki?”

Na ce to me ya sa take jefar da ita a ƙofata. Gwaggo Hajo ta ce ba jefarwa ba ce, riƙo aka kawo mini. Ta ce Dije ta duba filin nan kaf ba ta ga babbar mace da za ta tsaya wa yarinyar a matsayin kaka ba sai ni, don ni kaɗai nake zuba musu abinci ba tare da na tofar da yawu ba. Ta ce ƙwaryar nan ta yarinyar ce, wadda kakarta ke ba ta nono a ciki, kuma in an kai ɗa gidan riƙo da ƙwaryarsa ake kai shi. Ta ce kowace safiya Dije tana laɓe a bayan rumbu tana jiran ta ga ko zan shiga da ita ɗaki, kuma tun da yarinyar ta kwanta rabon Dije na kunu a bakin yarinyar yake ƙarewa in ba mai gani. Na ce mata ita da ta san duk wannan, me ya hana ta faɗa mini tun rana ta fari. Ta ce:

“Ɗiyana ukku Hillani sunka kashe. Na gani tun rana ta hwarko, na ce ban buɗe bakina don Bahillata. Yanzu ga shi na buɗe, ba shi da amfani.”

Sai ta ja zane ta rufe fuska. Ni ban yi kuka ba a lokacin, wani abu ne dabam ya zo mini. Na tuna shekarar da na yi ƙyanda ina ƙarama a Gangara. Ina kwance a bakin ɗakin Kaka, ta ƙarƙashin danga ina hango ƙafafun mace a tsaye, tun hantsi har la'asar ba su motsa ba. Na san ƙafafun Inna ne, na san lallen da ke jiki. Shekara sittin ina ba kaina labarin nan a kan cewa ta zo har bakin danga ta ƙi shigowa. Ban taɓa tambayar kaina abin da ke tsayar da mace a rana yini guda ba. Inna ta mutu ina gaishe ta sama sama, na je jana'izarta na dawo a rana ɗaya. A bakin tukunyar nan, hannuna duk ƙanzo, na gane cewa mata biyu na zalunta da hukunci ɗaya, kuma ba wadda zan iya mayar wa abin da na ɗauke mata.

Na yi kwanaki ina kewaye bayan rumbu ban iya zuwa ba. Sai da labari ya zo cewa hukuma za ta kwashe baƙin ta kai su wajen Cadakori, nesa da iyaka, sannan na yi ƙarfin hali. Na jira tsohon ya tafi masallaci, na je na zauna a ƙasa kusa da Dije, mu biyu kawai, na yi magana ƙasa ƙasa. Abin da ya kamata in yi tun rana ta fari ke nan, kuma bai ɗauke ni komai ba. Na ce ta yafe mini, ban gane ba. Ta daɗe tana wasa da yatsun na goyenta, sannan ta ce:

“Na ga ke ce babba a nan. Na ce ta samu kaka. Sau huɗu na kawo.”

Ba ta faɗa da zafi ba, da ma da zafi ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Na roƙe ta ko sunan yarinyar ta gaya mini, in riƙa sa ta a addu'a. Ta girgiza kai. Ta ce sunan tsohuwa aka sa mata, uwar mijinta. Ita ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta kuma faɗin sunan surukarta. Tsohon shi ma ba ya faɗin sunan matarsa. Wadda ke iya kiran sunan, kakar, an bar ta a ruga. Na ce ta raɗa mini a kunne, ba mai ji. Na ga leɓenta ya motsa, na kawo kunne, sai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Ranar na ga kukanta, ba sauti ko kaɗan.

Kamyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe su ina can bakin rijiya, ban yi sallama da kowa ba. Da na dawo na tarar da ƙwaryar nan a bakin ƙofata, an kife ta. Wannan karon na ɗauka na shiga da ita ɗaki. Ita ce wadda kuke gani a kan akwatina, wadda na taɓa marin ɗan'uwanku Ishaku don ya ɗebi gyaɗa da ita, ya yi kwana biyu ba ya mini magana. Ishaku, yanzu ka san dalili.

Sau biyu na je Cadakori neman Dije. Na fari aka ce tsohon ya rasu, ita tana nan amma ta tafi itace, na jira har rana ta yi sanyi ba ta dawo ba, ko kuma ta hango ni ta ƙi dawowa. Na biyu aka ce ta bi wasu makiyaya sun yi arewa, ba wanda ya san inda suka nufa. Bayan girbin shekarar na ajiye shugabancin mata na ce ƙafa ce ke damuna. Wata ta karɓi ludayin, abinci kuma ya ci gaba da isa kowa yadda yake isa a hannuna. Fasto ya zo gidana ya zauna ya ce laifinsa ne, dokarsa ce. Na ce masa dokarsa ta ce kada a kai ɗan wani ɗaki, ba ta ce kada a zauna kusa da mace a tambaye ta a hankali ba. Ya ce Allah ya san sunan yarinyar ko da ni ban sani ba, kuma Allah mai gafara ne. Na gaskata, har yau ina gaskatawa, ina zuwa sujada, ina rera waƙa tare da kowa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ba ta taɓa sanyaya mini rai ba. In na durƙusa zan yi mata addu'a sai in ce waccan yarinyar, in ji bakina ya koma na Inna.

Mutanen da muka ciyar da yawansu ba su koma gida ba har yanzu, garuruwansu sun zama kufai, wasu kuma da suka koma an sake koro su. Ban san abin da tuwon nan ya gyara ba, ban da cewa ya kai su wata shekarar wahala. Wataƙila hakan ma wani abu ne, ku da kuka yi karatu ku auna. Abin da nake roƙonku ɗaya ne. Ranar da za a binne ni, in wani ya tashi zai ce na ciyar da gari guda, Rifkatu ki miƙe ki ce uwarki ta hana. In dole sai an faɗi wani abu, a ce an kawo mata yarinya har ƙofa sau huɗu ta mayar. Ƙwaryar kuma kada ku raba ta cikin kayan gado, ku sa ta tare da ni.

Ku gaya wa 'ya'yanku su ci gaba da kwaikwayona, ba na jin haushi. Kowace safiya in na zare sakata sai na tsaya na duba bakin ƙofar nan kafin in sa ƙafa, kuma zan ci gaba da dubawa har ranar da za a fitar da ni ta cikinta. Ba kunama nake nema ba.